Yaron da Ba Ya Sakin Igiya

Miƙo mini wayar nan in gani da idona, tun ɗazu kun cika mini ƙofar gida da ihu. Au, wannan ne? Yaro a kan allo, jirgi na jansa da igiya? Shi ne kai Ɗanlami kake cewa ai ba wani abu ba ne, tsayuwa ce kawai da riƙe igiya? To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ku gyara zama. Wannan tsoho Sale da kuke gani yana gyangyaɗi a unguwar Malam Inna, da jan yara a kan ruwa ya ci abinci tun iyayenku ba su san hanyar makaranta ba.

Ni ɗan bakin kogi ne, daga wajen Dadin Kowa, ubana masunci. A shekarun da kuɗin man fetur ya ɓarke, Gombe ta cika da baƙi: 'yan kwangila, injiniyoyi, da Turawa masu aune-aune a kogin Gongola. Ɗaya daga cikin Turawan ya zo da ƙaramin jirgi mai inji don shaƙatawa, da zai koma ƙasarsu ya bar shi ga mai kula masa da injin. Wannan shi ne maigidana, Oga Iliya, mutumin Waja, wanda ya daɗe yana aikin jiragen ruwa a Binuwai. Jirgin a nan Gombe yake kwana, a bayan gidansa a unguwar Arawa. Ƙarshen mako mu ɗaura shi a bayan mota mu nufi kogi. Ranar Lahadi ina jiransa ya taso daga coci, in aiki ya faɗo Juma'a shi ma yana jirana in sauko daga masallaci.

Aikin farko da ya ba ni, gora ce. Ni da na zo da zumuɗin riƙe inji, sai mutumin nan ya ɗaura busasshiyar gora a igiya ya jefa bayan jirgi, ya ce in zauna in juya masa baya in zuba mata ido. Duk lokacin da ta nutse in ce "Ta faɗi!" Kai jama'a! Ɗan masunci guda, wai gadin gora. Da na ɗan waiga kallon tsuntsu sai in ji ruwa a ƙeya, ya watso mini da ludayin kwarfe jirgi. "Sale," in ji shi, "mai tuƙi idonsa na gaba, ɗan mutane kuma yana baya. Kai ne idona. Ranar da ka ƙifta, ranar za mu je yi wa wata uwa bayani." Damina guda na yi ina kallon gorar nan kafin ya bar ni na taɓa inji. Kuma har muka rabu ba mu taɓa tashi da yaro ba sai da mutum biyu a jirgi, mai tuƙi da mai ido.

Allon da kuke gani a waya, mai takalma da zane-zane, namu kakansa ne. Baturen sanduna biyu dogaye yake ɗaurawa a ƙafa, yara kuwa ƙafarsu sai ta wage kamar ta ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Shi ne Oga Iliya ya je wurin wani kafinta a Arawa ya sa aka fafe masa allo guda mai faɗi daga icen rimi, saboda rimi ba shi da nauyi. Aka ɗan ɗaga masa hanci, aka goge gefensa har ba inda zai yanki fata. Maɗaurin ƙafa da robar tiyub muka yi, sako-sako, yadda in yaro ya faɗi ƙafarsa za ta zare da kanta. Mariƙin igiya kuwa ƙotar fartanya ce muka rage mata kauri daidai hannun yaro.

Rigar ruwa ita ta fi ba mu wahala. Waɗanda Baturen ya bari na manya ne, in ka sa wa yaro sai ya zurare ta ƙasa ya bar rigar tana yawo ita kaɗai. Sai muka sayo tamfol da audugar rimi muka kai wa tela. Ya ɗinka mana ƙanana masu kauri a ƙirji da bayan wuya, da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Tela ya yi ta dariya, wai bai taɓa ɗinka matashin kai mai hannu ba. Kowace riga sai mun jefa ta kogi da dutse a ciki mun ga ta taso kafin ta hau jikin ɗan wani.

Kuma ba a fara koyo a ruwa. A nan cikin gari muke farawa, a yashin kwari, da la'asar in rana ta yi sanyi. Yaro ya tsuguna a kan allo, gwiwa a ƙirji, hannu a miƙe, ni in ja shi a hankali. Kada ya ja ni, ya bari in ja shi. Wanda ya yi gaggawar miƙewa, ƙasa. Wanda ya kalli ƙafarsa, ƙasa. Daga nan sai babban darasi: in ka faɗi, saki igiya, ka ɗaga hannu biyu sama mu san kana lafiya. Sai ya iya wannan, ya kuma iya iyo, sannan ya ga jirgi. Ranar da za mu ja yara, tun da safe nake zagaya wurin da kwale-kwale ina duba kututture da tarun masunta, in tambaye su inda dorina ta kwana. In yaro ya faɗi kuwa, kashe inji ake yi tun daga nesa a ƙarasa da filafili, don farfela ba ta san ɗan kowa ba.

Masu kawo mana yara iri-iri ne. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, su zo da kwandon abinci da matansu. Akwai wata nas daga Kaltungo da 'yan matanta biyu, ƙaramar ta fi duk mazan da na taɓa ja iya tsayuwa, tana kan allo tana waƙar coci. Akwai kuma sababbin masu kuɗi da ke son a gama komai yau-yau. Su ne masu cewa, "Ƙara wuta mana, ai ɗana ba rago ba ne." Oga Iliya sai ya yi kamar ƙarar inji ta toshe masa kunne. Gudun da ake jan yaro da shi, mai keke ma zai iya binka a gaɓa.

Shekarar da aka yi fari ita ce ta kusa raba mu da sana'ar. Kogi ya janye har ana haye shi da ƙafa a wasu wurare, duwatsun da ban taɓa sanin suna nan ba suka fito fili. Muka gwada sau ɗaya, babu yaro a baya, farfela ta daki dutse ta ɓare. Oga Iliya ya ce shi ke nan, jirgi ya hau tudu sai ruwa ya dawo. Iyaye suka yi ta aike, ya ce a'a. Shi ya koma gyaran injin niƙa, ni na koma tallar busasshen kifi a kasuwa. Kaji suka yi ta ƙwai a cikin jirgin har wata damina.

Bayan ruwa ya dawo ne aka kawo mana Hammadu. Lokacin idon Oga Iliya na kusa ya fara rauni amma na nesa garau, don haka ni ke tuƙi shi ke ido. Uban yaron, Alhaji Bappa, Bafillace ne mai fataucin shanu da ya shiga kwangila ta karɓe shi, gidansa a unguwar Madaki. Yaron kuwa a ruga ya tashi wurin kakansa, ba a daɗe da kawo shi gari don makaranta ba. Siriri, shiru-shiru, bai wuce shekara tara ba. Iyo ya koya kamar kifi. Tsayuwa a kan allo, a yashi, ko sau ɗaya bai faɗi ba. In na ce "Saki!" yana tsaye, sai ya ajiye mariƙin a hankali kamar mai ajiye ƙwaryar nono. Muka ce to, ya isa shiga ruwa.

Ranar farko ya tashi tsaf, ya yi tafiya mai kyau. Da muka zo juyawa allo ya daki tudun ruwan da jirgi ke tayarwa, ya kife. Oga Iliya ya ce "Ya faɗi!" na kashe inji nan take. Amma jirgi ba mota ba ne, ba shi da birki, sai ya ci gaba da zamewa. Na waiga, ban ga hannu a sama ba. Igiya a miƙe take tam, can ƙarshenta ruwa na tafasa, kan yaro a ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na faɗa kogin ba. Da na ɗago shi idonsa ya yi ja, ruwa na fita ta hanci, amma hannunsa biyu na kan ƙotar nan, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauka uban zai tashi hankalinsa. Ina! Alhaji yana gaɓa yana washe baki.

"Kun gani? Jinin Fulani ke nan. Ko bijimi bai ƙwace masa igiya ba, balle ruwa."

Sai a lokacin na gane. Yaron ruga tun yana tatata ake damƙa masa igiyar maraƙi. In maraƙi ya ja shi cikin ƙaya, ya bi. In ya kayar da shi, ya bi da ciki. Wanda ya saki, ranar ba shi da fuskar zama cikin sa'o'insa, har 'yan mata sai sun yi masa waƙa. Abin da muke roƙonsa ya yi, shi ne abin kunya mafi girma da ya sani.

Oga Iliya ya ce, "Alhaji, yaron nan ba zai sake shiga ruwa a bayan jirgina ba sai ya koyi saki."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce shi bai kawo ɗansa a koya masa ragwanci ba. Ya ce dama ya aika Legas a sayo masa nasa jirgin, yana hanya, kuma direbansa na babbar mota Allah ya ba shi hannu, shi zai riƙa jan yaron. Direban mota, ba mai ido, ga yaron da ba ya saki. Na san in jirgin nan ya iso kafin Hammadu ya koya, gawarsa za a tsamo.

Na kwantar da murya na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini shi a yashi kafin jirgin ya iso. Ba abin da zai ragu."

Ya ce in yi ta fama.

Fama kuwa na yi. Kullum la'asar ina kwari da yaron nan. In ja shi, in fizge da gangan ya faɗi, in yi ihu "Saki!" Sai ya bi ni da ciki a yashi, haƙora a cije. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na kawo ƙaramar 'yar nas ta faɗi ta saki a gabansa tana dariya, ya kalle ta ya kau da kai. Na ce masa wannan ba saniya ba ce, jirgi ba ya ɓata, zai dawo ya ɗauke ka. Ya ce, "Na sani, Baba Sale." Ya sani ɗin, hannun ne bai sani ba. Na ji tausayin yaron nan ƙwarai, gwiwarsa duk ta sassale, ga shi kullum shi ke riga ni zuwa.

Wata la'asar muna cikin haka na ga wani tsoho a bakin kwarin, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallonmu. Hammadu na ganinsa ya miƙe ya kakkaɓe jiki ya sunkuyar da kai. Ashe kakansa ne, Ardo, ya shigo kasuwar shanu ya sauka gidan ɗansa, aka ce masa jikansa na kwari. Na je na durƙusa na gaishe shi. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya nuna igiyar da sandarsa.

"Me kake so ya yi?"

"Baba, so nake in ya faɗi ya saki."

"A ƙasa?"

"A ruwa, Baba. A kogi ake yi, nan koyo ne kawai."

Ya juya ya dubi jikansa. Ashe ba wanda ya gaya masa ana kai yaron kogi. Na ce a raina shi ke nan, zai hana gaba ɗaya, kuma da hakan ma ya fi mini. Na faɗa masa batun jirgin da ke hanya da direban mota, na ce ko zai sa baki.

Ya ce, "Uban nasa, ni na hana shi ruwa tun yana ƙarami. Ga shi ya yi gemu ya sayi jirgi." Ya gyara sandarsa. "Ranar da za ku je, ku zo ku ɗauke ni."

Oga Iliya bai so ba da farko, don ya riga ya yi magana. Amma ya ce tunda tsoho ne ya nema, za mu yi, da sharaɗi: gudu kaɗan, igiya gajeriya, kusa da gaɓa inda ruwa bai wuce ƙirjina ba.

Ranar Lahadi da rana muka isa. Alhaji ya zo da farar shaddarsa, amma a gaban mahaifinsa ya zama kamar ba shi ba, ko ɗaga ido ba ya yi. Ardo ya tuɓe takalmi ya shiga jirgi. Na miƙa masa rigar ruwa ina tsoron zai ƙi, ya karɓa ya sa a kan rigarsa, ya zauna kusa da Oga Iliya yana fuskantar baya. Na ga yadda ya damƙe gefen jirgin, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi. Mutumin nan tsoron ruwa yake ji, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Na tayar da inji a hankali. Hammadu ya tashi, ya miƙe, ya bi bayanmu lafiya lau. Muka yi gaba, muka dawo. A juyi na biyu allo ya karkace.

"Ya faɗi!"

Na kashe inji na waiga. Igiya a miƙe, kai a ƙasa. Na ɗora ƙafa a gefen jirgi zan yi tsalle, sai na ji wata murya da ta sa tsuntsayen gaɓa suka tashi. Ardo ne, a tsaye cikin jirgi, malfa ta faɗi ruwa.

"Yoofu! Hammadu, yoofu!"

Wato saki, da Fillanci. Ku da kuka san dattijon Bafillace, kun san ko gidansa ke ci da wuta ba ya ɗaga murya a gaban mutane. Wannan kuwa ihu yake har muryarsa na tsagewa. Yadda yaron ya ji shi a cikin ruwa, Allah kaɗai ya sani. Igiyar dai ta yi laushi ta kwanta. Rigar ta ɗago shi, ya yi tari, sannan hannu biyu suka tashi sama.

Oga Iliya ya ce, "Mun gode Allah," ya share fuska da hularsa. Na ƙarasa da filafili muka ɗauko shi. Ardo ya koma ya zauna, har muka kai gaɓa bai dubi kowa ba.

Alhaji ya taho bakin ruwa yana murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce, "Ashe kai ma ka iya saki, Hammadu?"

Yaron ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ardo ya kamo hannuwansa biyu ya buɗe tafin, ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, da Hausa ya yi, ina jin don mu ma mu ji. Bai ambaci suna ba, kun san ba sa kiran sunan ɗan fari.

"Yayanka," ya ce wa Alhaji, idonsa na kan hannun yaron, "kamar wannan yake. Kai kana goye. Muna haye kogin nan da shanu, ruwa ya ja wani ɗan bijimi, igiyar na hannunsa. Na yi ta kira. Da muka same shi can ƙasa, hannun ya ƙi buɗuwa. Yanke igiyar na yi. Da guntunta muka binne shi."

Can Alhaji ya ce, da wata 'yar ƙaramar murya, "Baba, ai cewa aka yi zazzaɓi ne."

"Ni na ce a faɗa maka haka."

Alhaji ya durƙusa a cikin taɓo da farar shaddarsa, ya jawo ɗansa ya fara kwance masa rigar ruwa. Bai ɗago ba ya ce, "Malam Sale, jirgin nan in ya iso, gidan Oga Iliya za a kai shi." Ƙullin rigar ba wani mai wuya ba ne, ni na ɗaura shi, ja ɗaya yake buƙata. Amma ya kasa. Na matsa zan taimaka, Oga Iliya ya riƙe mini hannu, muka bar shi da ɗansa.